Abba, kar ka hau hanya da motar nan a haka

Assalamu alaikum Abba, ya aiki, ya maiɗakin naka da yaran. Na yi ta kiranka jiya ba ka ɗaga ba, shi ya sa na ce bari in rubuta kawai, ka karanta a natse ko ranka bai so ba.

Ƙanwarka ce ta gaya wa Ummanku, kuma kar ka kuskura ka yi mata faɗa. Wai ranar da ka ɗauko ta daga tasha duk ramin da kuka faɗa sai ƙafar gaba ta ce ƙwas, sitiyari yana ta rawa a hannunka, da ta yi magana sai ka ce ai bakanike ya cusa roba a bol joyin ɗin ya bubbuga shi, za ta kai ka Sallah, tunda dai sayar da ita za ka yi ka sayi tokumbo to me zai sa ka zuba kuɗi a motar da za ka rabu da ita.

Tun da na ji maganar nan ban yi barcin kirki ba. Inji in ya mutu mota tsayawa take yi, ka gangara gefe ka kira mai ja. Giya ma haka. Bol joyin kuwa shi ke riƙe da taya a jikin ƙafa, ranar da ya fita tayar kwanciya take yi ƙarƙashin mota, sitiyari ya zama ba shi da amfani, birki ma ba abin da zai yi maka. In a cikin layi ne kana tafiya a hankali, kunya kawai za ka sha. Amma kai Abuja za ka taso, ka bi Jere da Katari da Kaduna da Zariya har Kwanar Dangora, ga tirela a gaba ga tanka a baya, kuma na san ƙafarka a kan totur, ba yau na fara zama a gefenka ba. Da jikokina uku a kujerar baya. Ka san abin da ya sami kawunku a hanyar Funtuwa, ba sai na maimaita ba, har yau Ummanku ba ta bin hanyar.

Na san abin da za ka ce, Baba ne ya ba ni tsohuwar mota. E, ni na ba ka, kuma lafiyarta lau na ba ka ita. Fijo 406 ce haɗin Kaduna, da kuɗin sallamata na saye ta, ban taɓa jin ƙara na kwana da ita ba, shokoba ɗaya ta zubar da mai biyu nake canzawa. Kuna yi mini dariya wai na fi zama a gareji da gida. Kai kuwa ka iya canza waya duk shekara, ka iya sa mata baƙin gilashi da sifika, abin da ke riƙe da ranka ne ya yi maka tsada? Wannan ba tattali ba ne Abba, sakarci ne, kuma ban haife ka sakarai ba. Sannan wanda za ka sayar wa da roba a cushe, shi ba ɗan wani ba ne? Ka tanadi amsar da za ka ba Allah?

Maganar tokumbo ban hana ka ba. Amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 aka saki naira, dala ta haura 1,500 a 2024, kuɗin kwastan ya bi ta, motar Kwatano ta zama ta miliyoyi, ita ma kuma tsohuwa ce wani ya gaji da ita, wata ma da ta zo ƙafar za ka fara yi. In bashi za ka ci a kanta ban yarda ba.

Ka kai ta Apo wajen mai gyaran ƙafa na gaske, a ɗaga ta a jak kana tsaye, a girgiza kowace taya. A canza bol joyin da tayi rod duka gefe biyu, a duba bushin da shokoba, a yi alaimen, in tayoyin sun cinye ta gefe ɗaya su ma su tafi. Sabbin kaya masu kyau, ban da na Beljiyam a wannan wurin. Ka sa a leƙa inda shokoba ke ɗaure a jikin bodi, in tsatsa ta cinye wurin to nan kam ta gama, ka sayar wa masu yanka ka gaya musu gaskiya, ba zan ji haushi ba, ƙarfe ne. In wurin lafiya yake kuma inji bai shan mai, za ta ƙara maka shekaru kana tara kuɗinka a hankali.

In kuɗi ne babu ka faɗa mini, fansho ya shigo, ba sai Ummanku ta sani ba. In kuma ba a gama kafin Sallah ba ku hau jirgin ƙasa daga Kubwa zuwa Rigasa, zan sa yayanka ya ɗauko ku. Ka turo mini hoton tsofaffin kayan da aka cire, ina so in gani da idona. Ka gaida maiɗakin naka, ka ce wa ƙaramar ragonta yana nan yana cin dusa. Allah ya yi muku albarka, ya tsare.

Mahaifinka