A Riƙa Sauraron Masu Waiwaye

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yaba wa wasu bayin Allah da ba kasafai ake yaba musu ba, wato mutanen da in abu ya ci su sau ɗaya, ba ya sake samunsu a zaune. Da kawuna zan yi misali, ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, shekarunsa sun haura 70.

Ranar 26 ga Oktoban 2022 muna zaune a zaurensa aka sanar a rediyo cewa za a sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Mu matasa muka ɗauka labari ne da za a yi kwana biyu a manta. Shi kuwa sai ya rage muryar rediyon ya ce, "Na taɓa ganin wannan." Ya ba mu labarin watan Afrilun 1984, zamanin mulkin soja na Janar Buhari, da aka canza launin kuɗi, aka rufe iyakokin ƙasa, aka ba mutane 'yan kwanaki su kai tsofaffin takardu banki. Lokacin yana yaron shago, shi ya riƙe wa maigidansa jaka a layi. Amma ya ce ba wahalar layin ce ta tsaya masa a rai ba. Wata mata ce da ta zo da kuɗinta a ƙulle a gefen zani, ta zaga rumfa biyar neman kwanon gero, kowa ya ce ya daina karɓar tsohon kuɗi, sabon kuma bai iso hannun kowa ba. Haka ta juya da kwarya ba komai.

Washegari kawu ya fara wani abu da ya ba mu dariya. Duk naira 100 da 50 da 20 da ta shigo rumfarsa sai ya ware, tunda canjin bai shafe su ba. Ya samu tsohon gwangwanin madara, irin babban nan, yana ɗaure su da roba dubu-dubu yana jerawa. Ya ajiye buhun gero da na masara da wake a gida, ya ce waɗannan ba na sayarwa ba ne. Abin da ya fi ba ni mamaki, mutumin da ya sha cewa shi bai yarda da kuɗin da ido ba ya gani ba, sai ga shi ya zaunar da jikansa bayan sallar isha'i yana koyon tiransifa a waya, gilashi a kan hanci, yana latsawa da yatsa ɗaya. Ni da bakina na ce, "Kawu, ai zamani ya canza, yanzu ba 1984 ba ce." Murmushi kawai ya yi.

To, kowa ya san yadda Fabrairun 2023 ta kasance. Na sha fita tun asuba in bi layin ATM, in dawo da azahar hannu rabbana. Mai POS kuma sai ka ba shi lada mai tsoka kafin ya ƙirga maka dubu biyar. Ranar da gidana aka rasa na cefane, alhali akwai kuɗi a asusuna, wurin kawu na je kaina a sunkuye. Bai ce mini uffan ba. Ya buɗe gwangwanin ya miƙo mini ɗauri shida. Ba ni kaɗai ba, maƙwabta da dama sun ɗora tukunya da gwangwanin nan.

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, amma waiwayen ma iri-iri ne. Akwai dattijon da in ya fara "a zamaninmu", so yake kawai ya nuna maka cewa kai ka lalace, kuma gaskiya irin wannan hirar tana gundurar mutum. Na kawu daban ne. Shi yana tuna abin da ya faru ne don ya san me zai yi gobe da safe, ko da abin zai sa shi koyon waya da tsufansa. Yana da littafi mai baƙin bango da yake rubuta farashin buhu duk kaka da duk bazara, shekara da shekaru. Kusan kowace unguwa akwai irinsu: ungozomar da ta san alamun da suka taɓa kai wata ga halaka, manomin da ya ga farin 1973 bai ƙara sayar da rumbunsa kaf ba. Muna kiransu masu tsoro ko masu tsohon tunani, sai ruwa ya kai mana wuya mu tuna hanyar gidajensu.

Bayan Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris ɗin 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu, kuɗi suka fara yawo, na kai masa dubu shidansa, 'yan dubu-dubu sababbi fil. Ya juya su, ya mayar mini. Ya ce, "Je ka canzo mini 'yan ɗari-ɗari."

Naka,
Mai karatu daga Kurna, Kano.