Daga Bur Sudan: kafin ka sayi famfon rijiya, fara auna ruwanka

Malam Edita, assalamu alaikum. Ya aiki, ya haƙuri da mu masu dogon bayani. Ni mai karanta jaridarku ne a waya daga nan Bur Sudan, bakin Bahar Maliya. Asalin iyayenmu Maiurno ne can kusa da Sinnar, aikin tashar jiragen ruwa ya kawo mahaifinmu nan, mu kuma muka tashi muka tarar ruwa a garin nan sayensa ake kamar man girki. Maganar da ta sa na rubuto ita ce ta famfon rijiya, wanda mu nan muke cewa turumba, in mai nutsewa ce cikin ruwa a ce gaɗɗasa, naji ku a Najeriya samo kuke ce mata. Biyu na binne da hannuna cikin ƙasa da shekara biyu, shi yasa nace bari in faɗa wa 'yan uwa ko wani ya tsira da kuɗinsa.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 gidanmu ya cika, 'yan uwa daga Khartum, daga baya na Madani suma suka iso, ɗakin da mutum uku ke kwana ya koma na mutum tara. Ana cikin haka sai madatsar Arba'at, wadda garin ya dogara da ita, ta fashe a watan Agustan 2024, mai karo, wato amalanken sayar da ruwa, da jakinsa ya zama sarki, sai ka roƙe shi kafin ya tsaya a ƙofarka. To akwai tsohuwar rijiya a tsakar gida da marigayi Baba ya haƙa ya barta saboda ruwan zartsi ne, ba ya shayuwa. Muka ce ko ba a sha ba ai za a yi wanki da wanke-wanke da ban ɗaki, muka yashe ta muka sa mata murfi.

Ta farko da na saya irin ta sama ce, ƙaramar nan mai jikin baƙin ƙarfe da fenti shuɗi, ita ce mai araha. Ta yi aiki wata biyu lafiya lau. Sai aka ɗauke wuta kwana huɗu, ranar da aka kawo na kunna sai gurnani kawai take bata juyawa, sai da na sa sukundireba ta baya na murɗa mata fanka sannan ta tashi, ruwan da ya fara fitowa kuwa ja wur kamar an jiƙa kanwa da zoɓo. Uwargida bata lura ba ta tsoma farin tob ɗinta na zuwa biki, lulluɓin nan na matan Sudan, a ciki. Malam Edita wannan shari'ar har yau ba a rufe ta ba a gidana.

Na ce to shikenan, baƙin ƙarfe ne matsala, na tara kuɗi na shiga kasuwa na sayo gaɗɗasa mai sheƙi kamar madubi. Mai shagon ya ƙwanƙwasa ta da yatsa yace ya zol wannan sitenles ce, har jikokinka sai sun gaje ta. Ban tambaye shi komai ba, sheƙin ya gama dani. Wata tara ruwa ya fara raguwa, tankin da ke cika kafin a gama shan shayin safe ya koma sai azahar. Muka kira wani usta, wato gwanin makanike, dattijo ɗan ƙabilar Hadandawa ta nan yankin da ya daɗe yana gyaran injinan jiragen kamun kifi, muka jawo ta sama. Daga nesa tana nan da sheƙinta, amma da ya goge ta da tsumma ya juya ta a rana sai ga ƙananan huji birjik kamar an tsattsaga da allura, musamman ƙarƙashin inda aka ɗaure waya da salatif. Kusoshin da suka riƙe kanta ya taɓa ɗaya da filaya ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli. Gajeren bututun ƙarfe da ya haɗa ta da fayif kuwa saura ƙiris ya tsinke, da an ƙara sati biyu sai dai mu yi mata salla a gindin rijiya.

Usta ya zauna a kan bokiti, aka kawo masa jabana, wato gahawa, shine ya min karatun da ya kamata in nema tun kafin in fitar da ko jine ɗaya na kuɗinmu na Sudan. Yace ya ɗana sitenles suna ne na dangi, ba mutum ɗaya bane. Akwai 201, akwai 304, akwai 316, kuma a ido duk ɗaya suke. Daga baya na bincika da kaina na ga haka abin yake. Ita 304 tana da kuromiyam wajen kashi 18 cikin ɗari da nikel wajen kashi 8, ita ce ta tukwane da cokula masu kyau, a ruwan daɗi ba ta da matsala. Ita 316 an ƙara mata wani ƙarfe molibdinam kashi 2 zuwa 3, wannan ɗan ƙarin shi ke sa ta jure gishiri. 201 kuwa an rage mata nikel don ta yi araha, ita ce ta fi saurin ci. Abin da ke hana sitenles tsatsa wata 'yar fata ce siririya da ido baya gani a samanta, gishiri yana huda fatar nan wuri-wuri, daga nan ramin ya yi ta nutsawa ciki alhali waje na sheƙi. Zafi kuma ƙara masa gudu yake, ga mu a garin da watan Yuli ko inuwa ƙuna take.

Nasan wani zai ce ai sai a gwada da maganaɗisu. Nima haka na ɗauka. Maganaɗisu zai tona asirin baƙin ƙarfe da aka yi wa fenti ko aka shafe da sheƙi, wannan gaskiya ne, amma 201 da 304 da 316 duk basa kama shi sosai, kaga bai raba maka gardama ba. Abin dubawa shine lambar da aka buga a jikin famfon ko a takardar da ke cikin kwali, in babu lamba ko ɗaya sai kalmar sitenles da manyan baƙaƙe to ka riƙe kuɗinka. Kamfanonin da suka san abin da suke basa ɓoyewa. Grundfos misali, samfurinsu na SP na yau da kullum 304 ne, in ka ga an ƙara harafin N to 316 ne, mai R kuma 904L ce ta ruwa mai tsananin gishiri. Ba talla nake musu ba, kuɗinsu ma yafi ƙarfina, misali ne na yadda ake rubutawa a fili.

Amma kuskurena na asali ba a shago na yi shi ba, a gida na yi, ban taɓa auna ruwan ba. Akwai ɗan abin awo kamar alƙalami, masu sayar da ruwan tacewa duk suna da shi, ka tsoma a kofi ya nuna maka yawan abin da ya narke a ciki. Hukumar lafiya ta duniya tace ƙasa da miligiram 600 a lita ruwa na da daɗin sha, in ya haura 1000 ya fara gagarar baki, shi kuwa Bahar Maliya da ke maƙwabtaka damu wajen giram 40 ne na gishiri a lita guda, yafi yawancin tekuna. Alƙalamin jimla kawai yake bayarwa, in da hali a kai kwalba ɗakin gwaji su ware maka kulorayid, wato sinadarin da ke cikin gishiri, don shine mai cin ƙarfen. Abin da masu sana'ar suka saba faɗa, 304 tana lafiya har wajen miligiram 200 na kulorayid a lita, 316 har wajen 1000, sama da haka sai dai a koma roba ko manyan ƙarafa masu tsada. Kuma a auna sau biyu, bayan ruwan sama da kuma tsakiyar zafi, don rijiyar bakin teku in ana zuƙarta da yawa ruwan tekun ne ke biyowa ta ƙasa ya cike gurbin.

Sai maganar haɗe-haɗe, wadda ita ce ta fi bani haushi don kuɗinta kaɗan ne. Ka sayi famfo mai kyau sannan mai haɗawa ya ɗaura masa bututun galbanayiz, ko kusa ta baƙin ƙarfe, ko ya rataye shi da wayar ƙarfe. Ƙarfe biyu mabambanta in suka haɗu a ruwan gishiri batir suke zama, mai raunin ya yi ta narkewa, abin da ya cinye min gajeren bututun nan kenan. Baƙin fayif na roba tun daga kan famfo har tanki, mahaɗan roba ko na sitenles iri ɗaya, igiyar nailan mai kauri, magana ta ƙare. Ko famfunan hannu na India Mark II da ƙungiyoyi suka kakkafa a ƙauyuka, inda ruwa ke da tsami bututun galbanayiz ɗinsu ne ke fara ruɓewa, shi yasa wani famfon hannun mai suna Afridev ya zo da na roba. Yashi ma a kiyaye shi, kar a sauke famfo har ya zauna a ƙasan rijiya, yashin kankare fatar nan yake yi yana cinye fankokin ciki. Kuma kar a barshi kwana da kwanaki a tsaye, ruwan da baya motsi yafi cin ƙarfe, ko minti biyar ne a kunna.

Yanzu dai ta uku ce a ciki, 316 da fankokin roba, ni da ƙanena da surukinmu muka haɗa kuɗin, muka sa mata sola ƙarama saboda wutar nan tamu ba a yi mata alkawari. Ruwan har yanzu zartsi ne, famfo baya sauya masa ɗanɗano, na sha muna saye a jarka kamar kowa. Usta yace in ta cika shekara mu jawo ta a duba ƙarƙashin salatif ɗin, na rubuta ranar a bangon rijiya da gawayi.

Roƙona Malam Edita, in kuna da injiniyan ruwa cikin masu rubuta muku, dan Allah ya yi mana bayani kan famfunan da jikinsu duka roba ne, ko suna jure zurfi da zafi irin namu, don 'yan uwanmu na Sawakin ruwansu yafi namu gishiri kuma tambayar da suke min kenan kullum.

Naku,
Mai karatu daga Bur Sudan