Fedal ɗin disto mai araha: a bar ta yadda ta zo ko a buɗe mata ciki?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki, ya zafi. Ni mai gyaran rediyo ne da ampili a nan Damagaram, rumfata tana can wajen kasuwar Dole, in kuma an samu biki ranar asabar ko lahadi ina ɗaukar gita in bi wasu yara mu je mu kaɗa. Na san wasu masu karatu za su ce to ina ruwan jarida da maganar fedal ɗin gita, amma wallahi cikin watan nan kaɗai samari uku suka zo rumfata da buƙata iri ɗaya, kowa da wayarsa a hannu yana nuna min bidiyon wani bature, wai maigida dan Allah a canza min diyod ɗin fedal ɗina kamar yadda wannan ya yi (diyod wani ɗan ƙaramin kayan lantarki ne da ke barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai), shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta da maimaitawa.

Ga wanda bai sani ba, fedal ɗin disto ɗan akwati ne da ake sawa tsakanin gita da ampili, in ka taka shi da ƙafa sai muryar gitar ta yi kauri ta yi gurnani, irin sautin nan da kake ji wajen mai gitar nan na Nijar Mdou Moctar in ya hau solo. Wadda ta fi yawa a hannun yaranmu ita ce Boss DS-1 mai ruwan lemo, ko kuma 'yan kwaikwayonta na Sin masu araha da ake kawowa daga Kano. Ita DS-1 tun 1978 ake yin ta, da farko a Japan, daga 1988 aka maida ƙirar Taiwan, kuma maɓallai uku ne kawai a kanta, Tone da Level da Dist. Ba kayan raini ba ce duk da arharta, manyan masu gita na Amurka irin su Kurt Cobain da Joe Satriani sun taka ta.

Abin da ke cikinta ba tsafi ba ne. Ana ɗaukar ɗan siginar da ke fitowa daga gita a kumbura shi sosai, sai a bi da shi ta gaban wasu diyod guda 2 da ke fuskantar juna baya da baya, su kuma duk abin da ya wuce wajen volt 0.6 sai su aske masa kai, wannan askin shi ne gurnanin da kake ji. In ka cire su ka sa jar LED, irin 'yar fitilar nan ta gaban rediyo, ita ba ta fara aski sai an kai kusan volt 1.7, ka ga kenan sautin zai fi ƙarfi, zai fi buɗewa, ba zai matse kamar da ba. In ka sa na jamaniyom kuwa tun wajen 0.3 suke yankewa, sauti ya yi laushi amma ya ragu. Wani Ba'amurke Robert Keeley ya yi suna da irin wannan gyaran, har yana huda fuskar fedal ɗin ya sa fitila da ke ƙyaftawa in kana kaɗawa. To duk wannan gaskiya ne, gyaran yana canza sauti, ba na musun haka. Abin da nake musu shi ne cewa wai shi ne maganin ciwon da ke damun mu a nan.

Bari in ba ka labarin kaina don ni ma na taɓa faɗawa. Shekarun baya na samu DS-1 ta gwanjo, na ji tana wani tsiii a sama kamar sauro ya shiga kunne, na ce ai ni mai gyara ne, na zauna da dare na ɗumama ƙarfen dalma na cire diyod ɗaya na sa LED, na canza kondansate biyu, na rufe ina ta jin kaina. Ranar asabar muka je biki a Birni, an kafa rumfa a titi an jera kujerun roba, gurup, wato janareta, na ta ƙugi a bayan gida, na jona gitata a fedal na jona fedal kai tsaye a miksa kamar yadda kowa ke yi. Ina takawa sai ga wata ƙara kamar an zuba ruwa cikin tafasasshen mai, jar fitilar miksa ta kama ta ƙi sauka, yaron da ke riƙe da miksa ya zabura ya rage ni har ba a jina gaba ɗaya. Wata dattijuwa cikin dangin amarya ta leƙo ta ce min, ɗan nan, rediyonka tasha ce ta ɓace masa? Mata suka kwashe da dariya. Gyaran gangar Abzinawa kenan na yi, 'yan Agadas ku yi haƙuri karin magana ce, don a harkar gita kam ku ne malamanmu.

Sai daga baya na zauna na gane inda gizo ke saƙa. Ita wannan fedal an yi ta ne don ta shiga ampilin gita, shi kuma lasifikar ampilin gita ba ta iya fitar da siririn sautin can sama, daga wajen 5000 hertz sai ta fara yin kasa, wato ita da kanta take tace tsiii ɗin nan ta bar maka naman sautin. Mu kuwa a wajen biki bafal muke shiga, manyan nan masu tuwita a sama, wanda aikinsa kenan ya fito da duk wani siririn sauti tas, shi ya sa ƙurar da ya kamata a tace take zuwa kunnen jama'a gaba ɗaya. Baturen da ke cikin bidiyo yana gwada gyaransa ne a ampili mai tsada cikin ɗaki mai sanyi, kai kuma za ka kaɗa a titi cikin bafal ɗin haya da ƙura ta gama cinyewa, ta ina sautinku zai zo ɗaya. Satin da ya biyo na aro ɗan ƙaramin ampilin gita na sa makirfo a gabansa, na karɓi fedal ɗin abokina wadda ko sukurunta ba a taɓa kwancewa ba, wallahi ta fi tawa daɗi nesa ba kusa ba.

Sannan yawancin yaran nan ba su ma san maɓallan ba. Duk wanda ya kawo min fedal sai in tarar Dist a ƙarshe, Tone a ƙarshe, sai ka ce gasar murɗawa ake. Tone ɗin DS-1 in ya wuce tsakiya cizo yake, ka maida shi wajen ƙarfe 9 ko 10 in ka ɗauke shi kamar agogo, Dist ma ka sauke shi ƙasa da rabi, ka ɗaga Level, in gitarka mai pikof uku ce, wato 'yan maganaɗisun nan da ke ƙarƙashin tsirkiya masu ɗaukar sauti, ka bar na kusa da gada ka koma na tsakiya ko na wuya. Kiɗan da muke yi irin na arewa yatsu ne ke gudu a kan tsirkiya, ga kuma tsirkiyar da ake bari tana amo a ƙasa ba a danne ta ba, in disto ya yi yawa duk sai su cakuɗe su zama kunu, ba ka rarrabe ko ɗaya. Mu dai kunnenmu yana son ɗan kaushi a sauti tun asali, ai shi ya sa masu garaya da gurumi ke maƙala ɗan ƙarfe mai zobba yana kacau-kacau, amma ba ka taɓa jin ƙarfen ya danne tsirkiya ba.

Wani abin kuma, rabin fedal ɗin da ake kawo min wai sautinsu ya lalace, ba ruwan diyod. Ƙurar hunturu ce ta shige maɓalli yana ƙarƙar, ko bakin jak ya yi tsatsa, ko kebul ɗin jika ɗaya ne da ke jan hayaniyar gurup, ko pil ya mutu don mutum ya bar kebul a soke ya kwana, alhali sokawar nan ita ce ke kunna pil ɗin. Mafi muni masu ɗaukar sharjar dekoda ko ta wifi su soka. Fedal ɗin Boss volt 9 take ci kuma tsakiyar bakinta negatif ne, su kuwa waɗancan yawanci 12 ne kuma tsakiyarsu pozitif, to ka ga an haɗa wuta biyu, in ka yi sa'a diyod ɗin kariya ne kawai zai ƙone, in ba sa'a sai dai a yi mata salla.

Yanzu ba wai na ce kar kowa ya taɓa gyara ba, ni ma har gobe ina yi, kuma akwai daɗi ka ji abin da hannunka ya canza. Amma wanda fedal ɗaya gare shi kuma da ita yake cin abinci ranar biki, ban ga dalilin da zai sa ya kai ta gaban ƙarfen dalma ba. In kana da ta biyu, ko wata 'yar Sin da ba za ka yi kuka ba in ta mutu, bismilla, kuma ka sa ɗan suwic yadda za ka iya komawa diyod na asali in sabon bai yi maka ba, ka canza abu ɗaya ka saurara kafin ka taɓa na biyu, ba irin nawa na wancan dare ba. Ka kuma fara buɗewa ka duba, don sababbin DS-1 na shekarun nan kayan cikinsu ƙanana ne manne a kan faranti kamar na wayar salula, ƙarfen dalmar rediyo ba ya yi musu, sai dai masu gyaran waya da injin iska mai zafi, su kuma ba su san wane ne wane ba a ciki sai ka tsaya a kansu. Wanda kuma Allah ya ba tsohuwa mai rubutun Japan a gindi, dan girman Allah kar ka huda ta, masu tara irinsu a waje suna biyan kuɗi mai kyau in ba a taɓa ta ba, da ka huda kuwa ta zama ta kowa.

Cikin samarin nan uku, biyu na goge musu maɓalli na canza musu bakin jak na saita musu Tone suka tafi, ɗaya ma ya dawo ya kawo min goro. Na ukun ya kafe shi dai sai LED, ya ce maigida kuɗina ne, na ce to ka kawo ampilin da kake kaɗawa da shi mu gwada a nan tukun, ya ce ai shi ba shi da ampili, a miksa yake shiga. Fedal ɗin tana nan cikin durowata, na ce masa ya je ya dawo bayan bikin asabar.

Na gode Malam Edita, a gaida ma'aikata.

Naku,
Mai gyaran rediyo, Damagaram