Zuwa ga Masu Zuwa Gyaran Haƙori a Wurinmu: Za Mu Fara Auna Hawan Jini Kafin Aiki

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu masu hulɗa da wannan ɗan asibitin haƙori namu.

Daga yanzu, duk wanda ya zo aikin kwalliyar haƙori, ko haskaka haƙora ne, ko liƙa musu ɓawon tangaran, ko sa hula, wato murfin da ake rufe haƙori da shi, ko haƙorin zinare, ko dashen sabon haƙori, sai mun auna masa hawan jini kafin mu taɓa bakinsa. Ba za a ƙara ko sisi a kan kuɗin aiki ba. Mun san akwai mai cewa, "Ni da na zo a goge mini jan goro, me ya haɗa ni da awon jini?" Don amsa wannan tambayar ce muka rubuto.

Da farko dai hankalinku ya kwanta: hawan jini ba ya hana mutum gyara haƙoransa. Wanda ke shan maganinsa a kan lokaci, jininsa kuma ya zauna, ana yi masa kusan duk aikin da ake yi wa kowa. Wanda muke tsoro shi ne wanda jininsa ya hau bai sani ba, da wanda ya sani amma ya ajiye magani tun da ya ji ciwon kai ya lafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu hawan jini ba su ma san suna da shi ba. Mutum na iya shekara goma bai taka asibiti ba, amma bikin ɗiyarsa ya kawo shi kujerarmu.

Idan kun iso, za mu ba ku wuri ku huta kamar minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, ba a harɗe ba, sannan a ɗaura abin awo a damtse. Don Allah, Alhaji, a haƙura da goro da sigari da kofi aƙalla rabin awa kafin a zo, domin suna ɗaga jini na ɗan lokaci, sai awon ya yi mana ƙarya. Tsoron allura ma yana ɗaga shi, shi ya sa ba ma yanke hukunci da awo ɗaya. In ya fito sama, sai a ɗan yi hira a sake.

Idan awo bai kai 140/90 ba, aiki ya tafi. In ya wuce haka amma bai yi nisa ba, ƙaramin aiki kamar wankin haƙori ko haskakawa ba matsala, sai dai za mu rubuta muku lambar a takarda ku kai wa likitanku. Dogon aiki mai allura da yanka, irin dashe, in awo ya kai 160/100 mun fi son jin ta bakin likitan tukuna. Amma daga 180/110 zuwa sama, ba za mu yi aikin kwalliya a ranar ba, ko wane ne, ko da saura kwana biyu ɗaurin aure. In kuma akwai ciwon ƙirji, ko gani dishi-dishi, ko nauyin harshe, ko wani sashen jiki ya yi sanyi, daga nan babban asibiti za a wuce, ba gida ba. Kuɗin da kuka ajiye na nan, ranar kawai za a ɗaga.

Dalilin tsanantawar ba ɓoyayye ba ne. Wanda haƙori ya hana barci, kumatu ya kumbura, dole a san yadda za a rage masa azaba ko da jini ya ɗan hau, domin zafin haƙorin ma yana ƙara hawar da shi. Kwalliya kuwa ba ta da gaggawa. Ba wanda ya taɓa shiga haɗari don an ɗaga masa sa haƙorin zinare da mako biyu.

Tambayar da aka fi yi mana ita ce ta allurar kashe zafi. Gaskiya ne, yawancinta akwai sinadarin adirenalin a ciki, wanda ke tsuke jijiyoyin jini a wurin don maganin ya daɗe yana aiki kuma zubar jini ta ragu. Shi ne ke sa wani ya ji zuciyarsa na bugawa fat-fat na 'yan mintuna bayan allura. Wasu kan ce a yi musu wadda ba shi ciki, wasu ma su ce za su daure a yi ba allura. Wannan na biyun ba ma yarda da shi sam. Idan injin goge haƙori ya taɓa wuri mai rai, jikin mutum da kansa yana zubo adirenalin fiye da wanda ke cikin ƙaramar kwalbar allura. Abin da muke yi wa mai hawan jini ko ciwon zuciya shi ne taƙaitawa: kada a wuce kwalba biyu a zama ɗaya, wato kimanin miligiram 0.04, a kuma tura maganin a hankali. In aikin na da yawa, a raba shi zama biyu ko uku. Zaren nan da ake cusawa a gindin haƙori kafin a ɗauki awon hula ma akwai mai adirenalin, kuma ba ma sa wa mai hawan jini irinsa.

Ku zo mana da magungunanku a leda, da kwalinsu. "Wata 'yar farar ƙwaya ce nake sha da safe" ba ta isar da mu ko'ina, don rabin magungunan duniya 'yan fararen ƙwayoyi ne. Muna son ganin sunan saboda dalilai. Amlodipine da nifedipine, magungunan hawan jini da ake yawan rubutawa a nan, suna sa dasashin wasu mutane ya yi kauri. Yana farawa ne daga tsakanin haƙoran gaba, naman ya tudo kamar 'yan ƙwallaye, ya fara rufe haƙori har ya zama kamar ya gajarce, buroshi na taɓawa sai jini. Hajiya kan zo tana cewa haƙoranta sun ƙanƙance a ƙara musu tsawo, alhali haƙoran lafiyarsu ƙalau. In aka liƙa tangaran a kan irin wannan dasashi, bayan 'yan watanni naman zai hau kansa, kuɗi sun tafi a banza. Sai an fara wanke haƙoran sosai, an gyara tsafta, wani lokaci mu rubuta wa likitanku ya duba ko akwai maganin da zai musanya. Likitan ne zai canza, ba mu ba, ba kuma ku ba. Magungunan da ke sa yawan fitsari suna busar da baki, busasshen baki kuwa yana saurin ruɓar da haƙori a gefen hula. Mai shan propranolol, wani maganin hawan jini da zuciya, ya gaya mana tun kafin allura, don ba ya shiri da adirenalin mai yawa. Na gargajiya ma, da su zoɓo da tafarnuwa da wasu ke sha don sauke jini, a faɗa mana, ba za mu yi wa kowa dariya ba.

Ranar aiki ku karya kumallo, ku sha maganinku kamar kullum. Masu shan magungunan hana jini gudaji, irin asfirin ko warfarin ko clopidogrel, kada ku dakatar da kanku don tsoron zubar jini. Jinin baki muna da yadda muke tsayar da shi da auduga da ɗinki, gudan jini a ƙwaƙwalwa kuwa ba mu da yadda za mu yi da shi. Wanda ya yi fama da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki a watannin nan, sai da takardar likitansa.

Bayan aiki, a guji tsayawa a kemis a sayi ibuprofen ko diclofenac. Suna ɗaga jini, suna rage ƙarfin maganin hawan jini, suna kuma wahalar da ƙoda. Farasitamol ya fi dacewa, sai in mun rubuta wani. Ruwan gishirin kurkure baki a tofar, kar a haɗiye. In mun ɗago kujera kuma, a zauna minti ɗaya ko biyu kafin a miƙe, domin jiri na ɗibar masu shan maganin hawan jini idan sun tashi farat ɗaya daga kwance.

Maniyyata masu niyyar sa haƙorin Makka, shawararmu ku zo a duba bakin da jinin tun kafin tafiya. A can ga gajiya, ga zafi, ga ƙarancin barci, wani ma maganinsa ya ƙare tun a Madina. Masu haskaka haƙori a gida da kanwa ko gawayi ko lemun tsami kuma, abin da kuke kankarewa ba ya sake tsirowa.

Masu biki a gaba, ku zo da wata guda ko biyu a hannu, don in awo ya ce a jira, a samu lokacin jira. Mun fi ba masu hawan jini layin safe, kuma duk mai son a auna shi kawai, ko ba shi da aikin haƙori, ya shigo a lokutan aiki.

Allah ya ƙara mana lafiya baki ɗaya.

Naku,
Likita da ma'aikatan asibitin