Anti ki ba ni shawara, sirrin ɗalibata ya hana ni barci

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki, ya iyali ya kuma haƙuri da mu masu damunki da saƙonni. Na daɗe ina sauraren shirinki amma ban taɓa rubutowa ba sai yau da abin ya kai min iya wuya. Dan Allah kar ki faɗi lambata, kuma na sakaya wasu abubuwa da gangan don kin san Gusau, kowa ya san kowa.

Ni malama ce a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo, ni ce mai kula da ofishin nasiha da ba ɗalibai shawara, wanda ake ce ma gaidans. A Danfodiyo Sakkwato na yi karatuna, ɓangaren halayyar ɗan adam da ya shafi yara da koyo. Har yau akwai iyayen da in aka ce su je wajen malama kansila sai su ɗauka kansilar gunduma ce, wani dattijo har roƙon buhun taki ya zo min da shi. Ofishin nawa tsohon sito ne da aka ture karyayyun kujeru gefe guda aka sa min tebur, kuma ba a barni da aikin kaɗai ba, ina shiga aji kamar kowa saboda ƙarancin malamai.

Farkon fara aikina abin da sauƙi, wacce ta rasa ko sayans za ta yi ko at, wacce ba ta iya cike fom ɗin JAMB ba, faɗan ƙawaye, kuka a kan WAEC, shikenan. Tun daga 2021 komai ya canza. Kin tuna ran 26 ga Fabrairu da aka kwashe 'yan matan Jangebe, su 279 da aka sako bayan 'yan kwanaki, aka rufe makarantun kwana, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya aka hana cin kasuwannin mako. To tun lokacin yaran ƙauye ke ta kwararowa cikin gari wajen dangi, daga Tsafe, Maru, Zurmi, Anka, ko'ina, kuma kowacce da abin da ta gani da idonta. Yarinya ce za ki gani zaune tsaf cikin hijabi tana kallon allo amma wallahi ba ta nan.

Wacce na rubuto saboda ita shekarunta 16, tana aji biyar, a hannun baffanta take. An taɓa tafiya da ita daji tare da matan ƙauyensu, ta yi kusan wata biyu sai da aka sayar da gona da shanu aka haɗa kuɗin fansa. Yarinya mai ƙoƙari Anti, lissafi kamar ruwa. Ranar da na fara saninta sosai 'yan rakiyar amarya ne suka wuce ta bayan katanga a kan babura suna ta hon, kawai sai ta zube ƙarƙashin benci tana ihu tana toshe kunne, jikinta na rawa, numfashi sama-sama, daga nan ta sume. Aji ya watse ana ta aljanu aljanu, wata malama ta kawo tazargade wata na tofa mata ayatul kursiyyu, ni dai na samu aka ɗauko min ita ofis na kori 'yan kallo.

Ni Musulma ce, na yarda da ruƙiya, ni kaina na karanta mata falaƙi da nasi a ranar. Amma abin da na gani na san shi tun a aji kuma na sha ganinsa a wasu yaran. Wanda ya shiga mummunan tashin hankali jikinsa kan zauna cikin shirin gudu ko da haɗarin ya wuce, sai ƙara ko wari ko wata kalma ta tuno masa, zuciya ta hau bugu kamar yanzu abin ke faruwa. Ita ƙarar babura da yawa ce, don a kansu aka zo aka ɗauke su. Ga mugayen mafarkai, ga rashin barci, ga zabura in an buga ƙofa, ba ta son ko a ambaci sunan ƙauyensu. Ba hauka ba ne, kuma ana samun sauƙi in aka samu kulawa, sai dai a wajenmu da kin ce likitan ƙwaƙwalwa an gama, za a ce kin kira musu ɗiya mahaukaciya wa zai aure ta.

Na bi ta a hankali, ban taɓa matsa mata ta ba ni labari ba don an koya mana tilasta wa mutum tono abin kan ƙara masa ciwo. Na koya mata jan numfashi a hankali tana ƙirgawa, da ta dafa bango ta faɗi abubuwa biyar da take gani in abin ya taso mata don hankalinta ya dawo ɗakin, na roƙi malamin ajinsu ya mayar da ita kusa da ƙofa nesa da tagar titi, kuma in ta ɗaga hannu a barta ta fito ba tambaya. Ta ɗan samu sauƙi har ta fara dariya. Sai wata rana bayan an tashi ta ƙi tafiya gida, ta sa na rantse mata ba zan faɗa wa kowa ba, sannan ta gaya min abin da aka yi mata a dajin. Ke mace ce Anti kin gane, ba sai na faɗa a rediyo ba. Ko innarta ba ta sani ba, ko kuma ta sani ta yi shiru, Allah masani.

Nan na yi kuskure kuma na sani. Ƙa'idar aikinmu ita ce tun farko ki gaya wa yaro cewa sirrinsa amana ne amma in ransa ko na wani na cikin haɗari dole ki nemi taimako. Ni kuwa ganin yadda take kuka sai na rantse kai tsaye ban sa wannan sharaɗin ba.

Yanzu ga inda ake. Baffan ya ce ya gaji da faɗuwar nan, malamai uku sun yi mata ruƙiya an sha rubutu an yi hayaƙi, don haka aure ne maganinta, ya ma samo wani abokin kasuwancinsa kuma bayan sallah yake so a ɗaura. Mutumin kirki ne baffan, ba zan ci zalinsa ba, yana riƙe da marayu har huɗu a wannan tsadar, a ganinsa rufa mata asiri zai yi. Amma ni na san abin da daren farko zai zame wa yarinyar nan. Ita kuma shugabar makarantarmu ta kira ni ta ce in kawo mata fayil ɗin yarinyar da duk abin da muka tattauna, wai in wani abu ya faru ita za a tambaya ba ni ba. Da gaskiyarta ta wani ɓangaren, to amma ofishinta kamar tasha yake, abin da ya shiga can da safe kafin azahar ya kai ɗakin malamai. Na ba ta bayani sama-sama na ce firgici ne kuma tana buƙatar asibiti, tun ranar ko gaisuwata da ƙyar take amsawa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne makon jiya da yarinyar ta ce min, Malama da ma ban dawo ba. Na tambaye ta ɓaro-ɓaro ko tana tunanin yi wa kanta wani abu, don tambayar ba ta sa mutum ya aikata, ta ce a'a tana tsoron Allah, amma ta rame ta daina cin abincin tara ta daina zama da ƙawayenta. Ni ba likita ba ce, ba na rubuta magani, iyakata nasiha da turawa gaba. Ina so a fara kai ta babban asibiti nan cikin gari, in ta kama a wuce asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, to ko wannan sai da yardar baffa da kuɗin mota da kuma bin hanyar Mafara zuwa Sakkwato da ba kowa ke son bi da yarinya irinta ba. Na ji daɗi da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa a farkon 2023 aka yar da tsohuwar ta 1958, amma doka ba za ta je ta zauna a zaure ta shawo kan baffa ba.

Ni kaina na fara lalacewa. Sai in farka ƙarfe biyu in je in duba ɗiyata a ɗaki, in babur ya tsaya ƙofar gida gabana ya faɗi. Abban yara ya ce in nemi a mayar da ni koyarwa zalla tunda ko sisi ba a ƙara min a kan wannan aikin, ya ce kina kwaso kayan mutane kina kawo mana gida. A makaranta an ce mana mai nasiha ma yana buƙatar babba a fannin da zai riƙa sauke wa nauyi, ni ba ni da kowa sai ke yau.

To Anti ya zan yi? In koma wajenta in ce rantsuwar nan ta fi ƙarfina, mu zaɓi mutum ɗaya da ta yarda da shi mu faɗa masa tare, in ya so in yi kaffara? In ta ƙi fa, in tsallake ta in samu innar, alhali ni kaɗai ce ta yarda da ni a duniyar nan? Ko akwai yadda zan tunkari baffan ya ɗaga auren ya yarda da asibiti ba tare da na buɗe komai ba, na yi tunanin bi ta wajen limamin unguwarsu don yana jin maganarsa amma ina tsoron kar maganar ta ƙara yawo. Dan Allah in da hali ki karanta a shirin wannan makon, ran Litinin baffan zai zo makaranta karɓar takardunta.

Taki ƙanwarki, wata malama daga Gusau.