Baucar kamfanin jirgi ba tsabar kuɗi ba ce: a duba kafin a saki kujera

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili in ja hankalin matafiyanmu, musamman ɗalibai da 'yan kasuwa da masu kai ziyara Turai da Amurka, kan wata harka da ake yi a tsaye cikin minti biyar a bakin ƙofar shiga jirgi, amma a yi shekara ana cizon yatsa a kanta. Za ka ji an ɗauki lasifika an ce jirgi ya cika, ana neman wanda zai haƙura da kujerarsa ya bi na gaba, za a ba shi bauca ta dala 500 ko 800. Mutum ya lissafa da naira a ransa, ya ga tsuntsu daga sama gasasshe, ya ɗaga hannu. Abin da ya karɓa kuwa alkawarin rangwame ne a kan wani tikitin da zai saya nan gaba daga kamfanin nan kaɗai, bisa sharuɗɗan da kamfanin ya rubuta da kansa. Wani lokaci cinikin yana da riba sosai. Sau da yawa kuma takardar tana mutuwa a cikin akwatin imel ba a taɓa ta ba.

Dalilin cikar jirgin ba ɓoyayye ba ne. Kamfanoni sun san a kowane tashi akwai waɗanda suka sayi tikiti amma ba za su zo ba, saboda haka suke sayar da tikiti fiye da yawan kujeru, kuma doka ba ta hana ba. Ranar da kowa ya zo sai lissafi ya kwance. Haka ma idan an sauya jirgi da ƙarami, ko ana son kai ma'aikata wani gari.

A nan ne ake da bambancin da ya fi komai muhimmanci. Akwai wanda ya saki kujera da yardarsa, akwai wanda aka hana shi hawa dole. Na biyun galibi doka ta yanka masa diyya. Na farkon kuwa abin da suka daidaita da kamfani shi ne nasa, ba ƙari, kuma da ya amince ya yafe waccan diyyar. Don haka kafin mutum ya san ko tayin yana da tsoka, sai ya san abin da doka za ta ba shi in an sauke shi dole.

A Amurka, ga jirgin da ya tashi daga ƙasar, idan an hana ka hawa dole aka kai ka cikin awa ɗaya da lokacin da ya kamata ka sauka, ba ka da komai. Idan jinkirin ya kai awa ɗaya zuwa biyu a tafiyar cikin gida, ko ɗaya zuwa huɗu a ta ƙetare, ana biyan ninki biyu na kuɗin tikitin zuwa, iyakarsa dala 1,075. In ya wuce haka, ninki huɗu ne, iyakarsa dala 2,150. Waɗannan su ne adadin da suka fara aiki a watan Janairun 2025. Kana da ikon cewa ba ka son bauca, kuɗi ko caki kake so, kuma a biya ka nan take a filin jirgi, ko cikin awa 24 idan jirgin da aka mayar da kai ya riga ya tashi da kai. A lura: jirgin da ya taso daga Legas zuwa Atlanta ba ya cikin wannan doka, na dawowa ne yake ciki.

A Tarayyar Turai doka mai lamba 261 ta 2004 ce ke aiki: Yuro 250 ga tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, 400 ga matsakaiciya, 600 ga wadda ta haura kilomita 3,500. Ana iya rage rabi idan an kai ka da wuri, misali cikin awa huɗu a doguwar tafiya. Dokar ta shafi duk jirgin da ya tashi daga Turai, ko na wane kamfani ne, da kuma wanda zai shiga Turai in kamfanin na Turai ne. Ke nan wanda ya hau Lufthansa daga Abuja zuwa Frankfurt yana ƙarƙashinta tun daga Abuja. Ingila tana da kwatankwacinta, Fam 220 da 350 da 520. Kuma ba a biyan wannan diyya da bauca sai fasinja ya amince ya sa hannu. Shi ya sa duk takardar da aka miƙo a teburin ma'aikaci a karanta ta, ko da layi ya yi tsawo a baya. A Najeriya kuwa sashe na 19 na dokokin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, shi ne ya tanadi haƙƙin fasinja, shi ma ya wajabta a fara neman masu sakin kujera da yardarsu kafin a sauke kowa, ya kuma ɗaure diyyar da wani kaso na kuɗin tikiti.

A ce ɗalibi ya sayi tikitin zuwa daga New York zuwa Houston a kan dala 300, kuma jirgi na gaba sai bayan awa biyar. In an sauke shi dole, dala 1,200 ce a hannunsa, kuɗin da zai biya haya da su. In ya ɗaga hannu a kan baucar dala 500, ya sayar da akuya a kuɗin kaza. Gaskiya ne ba lallai shi za a sauke ba, amma dokar Amurka ta ce wanda ake nema ya saki kujera a gaya masa ko yana cikin waɗanda za a iya saukewa dole, da kuma nawa zai samu in haka ta faru. A tambaya.

Tayin farko kuma ba shi ne na ƙarshe ba. Tun bayan abin da ya faru a Chicago a watan Afrilun 2017, inda aka jawo Dokta David Dao a ƙasa daga jirgin United mai zuwa Louisville, hoton bidiyon ya zagaya duniya, kamfanoni suka buɗe bakin aljihu. United ta ce za ta iya ba mai sakin kujera har dala 10,000, Delta ta ba manyan ma'aikatanta izini har 9,950. Ba kowace rana ake kaiwa nan ba, amma ma'aikacin da ke ƙofa yana da damar ƙari, kuma farashi yana hawa ne yayin da lokacin tashi ke matsowa. In ka ba da sunanka da wuri, ka faɗa masa a fili cewa in an ƙara wa na bayanka kai ma a ba ka daidai da nasa.

Kafin a miƙa takardar shiga jirgi, abu na farko da za a tabbatar shi ne kujera a jirgi na gaba. Tabbatacciya ce, da lambarta a sabuwar takarda, ko kuwa sunanka za a sa a jerin masu jiran tsammani? A lokacin cunkoso, irin ƙarshen Disamba, wannan jerin jiran gawon shanu ne, mutum na iya kwana biyu a kan benci. Sai kaya: akwatinka zai tafi da jirgin farko ko za a sauke shi? In maganinka ko kayan sawarka na ciki, ka sani tun yanzu. Sai abinci da otal da motar kai wa otal, waɗanda ga mai sakin kujera da yardarsa ba dole ba ne sai ya sa su cikin ciniki. Sai sauran tafiyar. Ma'aikaci ya gyara dukan tikitin a na'ura, domin idan aka rubuta ka a matsayin wanda bai zo ba, na'urar kamfani za ta soke ragowar zangunan har da na dawowa. In kuma tikitinka na Legas ko Abuja zuwa Kano daban ka saye shi, babu ruwan kamfanin farko da shi. Ka cire kuɗinsa daga ribar da kake hange.

Ga masu fasfon Najeriya akwai tarkon biza, wanda ma'aikacin da ke sauri ba lallai ya tuna da shi ba. Wanda ya yada zango a Paris ko Amsterdam ko Frankfurt ba tare da bizar Schengen ta shiga waɗannan ƙasashe ba, ba zai iya fita daga harabar masu wucewa ba. Takardar otal na cikin gari ba ta da amfani gare shi, a kan kujerar ƙarfe zai kwana. Haka wanda izinin zamansa ke ƙarewa a ranar tafiyarsa: jinkirin kwana ɗaya zai iya zama wuce wa'adi a takardunsa, abin da zai biyo shi ranar neman wata bizar. Wannan mutumin ko dala 2,000 aka kira, ya hau jirginsa.

Yanzu ita kanta baucar. Yawancinsu shekara ɗaya suke yi daga ranar da aka bayar, sai dai wa'adin iri biyu ne, kuma a nan mutane da yawa ke faɗawa. Wata ana nufin ka sayi tikiti kafin ranar, ko da tafiyar sai bayan wata shida. Wata ana nufin ka fara tafiyar, ko ma ka gama ta, kafin ranar. A tambaya a kuma ga amsar a rubuce. Sannan suna: wasu baucocin sai mai sunan kaɗai zai yi tafiya da su, wasu yana iya saya wa matarsa ko ɗansa. Sayar da ita kuwa yawancin kamfanoni sun hana, in sun gano su soke ta, wanda ya saya ya yi biyu babu.

Abin da ya fi cin mutane shi ne abin da baucar ke iya biya. Farashin tikiti kashi-kashi ne: ainihin kuɗin kujera, harajin gwamnatoci da na filayen jirgi, da ƙarin da kamfani ke ɗorawa, wanda ake gani da alamar YQ ko YR a jikin tikiti. Wasu baucocin ainihin kuɗin kujera kaɗai suke ɗauka. A ce tikitin dala 1,000 ne, amma kuɗin kujerar 400 ne, sauran haraji da ƙari. Mai baucar dala 800 zai ga an cire 400 kawai, ya cika 600 daga aljihunsa. Ragowar 400 ɗin kuma, a wasu kamfanonin tana nan ajiye har wa'adi ya cika, a wasu ta tafi ke nan domin sau ɗaya ake amfani da takardar. In irin ta biyun ce, a adana ta don tafiya mai tsada, kada a ƙona ta a gajeren zango.

Wurin amfani ma yana da iyaka. Galibi sai a shafin kamfanin ko ofishinsa ko layin wayarsa. Shafukan dillalai masu tara farashi ba sa karɓa, ejan da aka saba saye a wurinsa a kasuwa shi ma sau da yawa ba zai iya shigar da ita ba. Wasu kuma ba sa aiki a jirgin wani kamfani da ake tarayyar lamba da shi, wato ka sayi tikiti a wurin wannan amma jirgin wancan ne zai ɗauke ka. Mutumin da ke Sakkwato wanda ya je Amurka sau ɗaya bikin yaye ɗansa, me zai yi da baucar kamfanin da ba ya zuwa Afirka? Gare shi dala 300 a hannu ta fi baucar 1,000. Wasu kamfanonin Amurka suna ba da zaɓin katin kyauta da ake kashewa a shaguna, wanda ya fi kusa da kuɗi, sai dai a tabbatar zai yi aiki a wajen ƙasar.

Ranar karɓa, kada a bar teburin ma'aikaci sai an ga lambar baucar, a takarda ko a imel, tare da lambar sirrinta in tana da ita. A duba harafi-harafi cewa sunan ya yi daidai da na fasfo, domin Muhammad da Mohammed a wurin na'ura mutum biyu ne. A ɗauki hoton baucar, da tsohuwar takardar shiga jirgi, da sabuwar, da lambar tikiti mai lambobi 13, a kuma sa wayar ta tuna wa mutum wata biyu kafin wa'adi. Ranar amfani, a zaɓi tafiya a shafin kamfanin kamar kullum, a shafin biya ne ake samun gurbin shigar da lambar, a cika saura da katin banki. In katin ya ƙi wucewa, abin da masu katin naira suka sani sarai, wani lokaci baucar takan maƙale na ɗan lokaci kamar an kashe ta. Kada a yi ta maimaitawa, a kira kamfani a sake ta. In kuma an soke tikitin da aka saya da bauca, kuɗin bauca suke komawa, sau da yawa da tsohon wa'adinta, ba sabo ba.

Idan kamfani ya saɓa abin da ya rubuta, a fara rubuta masa koke ta shafinsa tare da waɗancan hotunan. In ya yi shiru, ga tafiyar da ta taso daga Najeriya akwai sashen kare haƙƙin fasinja na NCAA, mai tebura a manyan filayen jirgi. Ga wadda ta taso daga Amurka, ma'aikatar sufurin ƙasar tana karɓar koke ta intanet. A Turai kuwa, hukumar da ke kula da dokar 261 a ƙasar da abin ya faru.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naku,
Mai karatu, daga Kano