Ina sojojin Hausawa a labarin Wolseley?

Assalamu alaikum Malam Edita.

Shirinku na tarihi na daren Lahadi ya ɓata mini rai ƙwarai. Kusan rabin awa kuna jera mana yaƙe-yaƙen Janar Garnet Wolseley na sojan Ingila, daga Bama zuwa Kirimiya inda ya rasa ganin ido ɗaya, zuwa Indiya da Kanada da Masar. Da aka zo kan yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 sai na gyara zama, na ce yau za a ambaci iyayenmu. Shiru kake ji. Mai gabatarwa ya ce Wolseley ya zo da Turawa wajen 2,500, ya ci Amoaful, ya shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairu, shi ke nan ya wuce Sudan. Gidan rediyon da ke magana da Hausa, amma ko sau ɗaya bai ce Bahaushe ba!

A Zangon Kumasi aka haife ni, nan na tsufa. Kakarmu ta wajen uba tana da wani ɗan ƙunshin tsumma da take ɓoyewa a ƙasan adaka, cikinsa maɓallan tagulla ne guda huɗu da suka yi kore. Na rigar sojan kakanta ne. Ta ce mana bawa ne da ya gudo daga ƙasar Yarbawa ya faɗa hannun Kyaftin Glover a Legas, aka ba shi bindiga da jar dara. Wannan runduna ta Hausawa da Glover ya kafa a 1863, ita ce har gobe sojan Nijeriya ke lissafa asalinsu daga gare ta. Ita ce kuma ta biyo ta wajen kogin Volta ta ɓullo wa Tonawa, wato mutanen Asante, daga gabas a wannan yaƙi da kuka ba mutum ɗaya.

Ai Wolseley bai ma zauna a Kumasi ba. Ya iske Asantehene Kofi Karikari, wato sarkin Asante, ya fice, damina na shirin kankama, zazzaɓi na kayar da Turawansa, sai ya sa aka kwashe zinaren fada, aka cinna wa gari wuta, ya juya bayan kwana biyu ba tare da sarki ya sa hannu a komai ba. Labarin cewa rundunar Glover na tafe yana cikin abin da ya sa sarkin ya tura manzanni suka cim masa a Fomena, aka yanka wa Asante tarar oza 50,000 na zinare. Majalisar Ingila ta ba Wolseley kyautar fam 25,000. Kakan kakarmu ya tsira da maɓallai huɗu da ciwon ƙafa. Tura ta kai bango, Malam, a ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sannan ku ma ku zo ku taya gardi kirari.

Ba alfahari nake da ƙona garin da ya riƙe mu ba, Allah ya sani. Da na je gidan tarihi na Manhyia, fadar sarkin Asante a nan Kumasi, a 2024 na ga kayan zinaren da Ingila ta dawo da su, wai aro na shekara uku, kunya ce ta kama ni. To amma ko abin kunya ne ko na yabo, namu ne, a faɗa wa yara yadda aka yi. Haka dubban Fantawa, mutanen bakin teku, da suka sare daji suka ɗauko kaya a ka tun daga Cape Coast har kogin Pra, su ma kun haɗiye su.

Sannan don Allah wa ya ba ku shawarar matsar da shirin gaishe-gaishe? Yanzu daidai kiran sallar Magariba yake faɗowa a agogon Gana, kafin mu fito daga masallaci kun rufe. Saƙonninmu ma sai an gama karanta na Kano da Maraɗi kafin a tuna da mu, in lokaci ya rage. Ku gyara, kuma ku sake shirin nan na Wolseley da sojojin Hausawa a ciki.

Mai sauraronku,
daga Zangon Kumasi, Gana.